Daga Warsaw zuwa Maijirgi: Nazarin Kisan Gilla da Yadda Ake Tunawa da Shi

Kisan ƙare dangi da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawan Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ci rayuka kimanin miliyan 6, yau fanni ne mai cin gashin kansa a jami'o'i. Ana yin digiri na biyu a kansa a Haifa da Landan da Amsterdam, Jami'ar Clark ta Amurka kuma ta buɗe karatun digirin digirgir a kansa a 1998. Da farko babu mai son taɓa shi. Lokacin da Raul Hilberg ya zaɓe shi a Jami'ar Columbia, malaminsa Franz Neumann ya gargaɗe shi cewa zai kashe wa kansa kasuwa. Littafin da ya fito daga wannan bincike a 1961 shi ne ya zama harsashin fannin.

Hilberg ya dogara da takardun masu kisan: umarnin ofisoshi, jadawalin jiragen ƙasa, lissafin kuɗi. Ya nuna cewa kisa irin wannan ba ya yiwuwa sai da magatakarda da direba da akawu. Amma takardar azzalumi ba ta ɗauke da muryar wanda aka zalunta, saboda haka fannin ya koma ga shaida. A unguwar da aka killace Yahudawan Warsaw, masanin tarihi Emanuel Ringelblum da abokansa sun yi ta tattara wasiƙu da katin rabon abinci da rubuce-rubucen yara a ɓoye, suka zuba a akwatunan ƙarfe da garewanin madara suka binne. An tono wani kashi a 1946, wani a 1950, bayan an kashe yawancin waɗanda suka binne su. Daga baya aka fara ɗaukar shaidar waɗanda suka tsira a bidiyo: taskar Fortunoff ta Jami'ar Yale tana da fiye da 4,000, gidauniyar da Steven Spielberg ya kafa a 1994 tana da fiye da 50,000. Cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa a 1953, ta sa kanta aikin tattara sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kusan miliyan 5.

Bayan takarda da shaida da suna, ɗalibin fannin yana nazarin tunawar kanta: wa ya gina hasumiya, sunan wa aka rubuta, wa aka manta. Nan ne kuma rauninsa yake. Ya daɗe bai waiwayi ta'asar mulkin mallaka ba. Sai a 2021 Jamus ta amince cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne.

Ƙasar Tasawa tana da nata abin da za a auna da wannan ma'auni. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi, tana ƙona garuruwa tana kwashe mata da hatsi. A Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da ya ci mutane masu ɗimbin yawa. A Koran Kalgo, gab da isowarta ƙasar Tasawa, rahotanni sun ce an kashe mata da yara 150 don ramuwar soja biyu. Kanar Klobb, wanda aka turo ya karɓe rundunar, ya rubuta a kundinsa cewa ya tarar da 'yan mata biyu ƙanana a rataye a reshen itace. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Klobb a Dankori. Ranar 16 da 17 ga watan sojojinsu suka yi tawaye suka kashe Chanoine da Voulet a Maijirgi. Sauran hafsoshin suka wuce suka ci Damagaram a ƙarshen watan.

Dubi yadda aka tuna da abin. Kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi, kowa ya san wurin. An ruwaito cewa a 1923 kumandan Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe su aka tarar babu kowa, marubutan Faransa kuwa suka shagala da tambayar ko Voulet ya tsira. Binciken hukuma ya ɗora laifin a kan tabin hankalin da zafin ƙasa ya jawo, ba a hukunta kowa ba, ƙasar da aka ci kuma ta zauna a hannun Faransa. Littattafan Muriel Mathieu da Bertrand Taithe bincike ne mai nauyi, sai dai tushensu takardun Faransawa ne, inda talakan Koran Kalgo adadi ne kawai. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga gare shi a 1986, sun juya labarin zuwa jarumtar masu turjiya. Wannan ya ɗaga kai. Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin, na 2020, wanda aka mayar Hausa, shi ne ya zaunar da jikokin mamatan gaban kyamara. Bayansa wasu al'ummomi suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, amsar da Faransa ta bayar a 2025 kuwa ba ta ƙunshi amsa laifi ba.

Kada a ce abubuwan biyu ɗaya ne. Nazi sun ƙudurta shafe al'umma guda daga doron ƙasa, suka gina masana'antar kisa. Rundunar 1899 ta yi ta'addanci ne don cin ƙasa da ganima. Abin aro shi ne tsarin aiki da tsananin gaskiya. Wannan gaskiya tana da ɗaci a gida: Turawan rundunar ba su kai goma ba, yawancin masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, kuma dole a tambayi rawar jagorori da tafintoci da sarakunan da suka ba da hatsi, da tsoro ko da lissafi.

Ɗalibin tarihi a Maraɗi ko Yamai yana da abin da Bature ba shi da shi: harshe da sanin dangantaka. Babu sauran ganau, amma akwai jiyau na kusa, dattawan Tasawa da Mayahi da suka ji daga bakin kakanninsu wace zuriya ce ta yanke, wane ƙauye ne ya tashi ya zama kufai, ina aka gudu. Aikin shi ne a naɗi maganarsu da izininsu, a rubuta wa ya ji daga wa kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi, a gwada ta da kundin Klobb da taskar takardun Faransa da ke Aix-en-Provence, a ajiye kwafi a cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai da kuma garin da aka ɗauko ta. Inda ruwaya biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun. Kundin digiri guda da ya fito da jerin ƙauyuka da sunayen gidaje zai fi jawabai goma amfani, ko a aji ko a teburin neman diyya.