Sabon yare ba ya maganin aikin da ba a gama ba

Wata ɗabi'a ta kama matasa masu koyon rubuta manhaja, har da nan gida Najeriya inda shirin 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, ya ƙara yawan masu shiga harkar. Yaro ya fara Python, ya yi wata biyu, ya ji an ce JavaScript ne ke kawo aiki, ya koma can. Bai gama shafi ɗaya ba ya ga ana yabon Rust a YouTube, sai ya sake lale. Shekara ta zagayo ya lissafo maka yare huɗu, amma babu manhaja ɗaya tasa da wani ɗan Adam ke amfani da ita. A ganina, yawancin irin wannan sauyin gudun wahala ne da aka sa wa rigar neman ilimi.

Makonnin farko na kowane yare daɗi gare su. Yadda ake ajiye bayani, yadda ake gindaya sharaɗi, yadda ake maimaita umarni, duk kusan abu ɗaya ne a Python da Java da Go, rubutun ne kawai ya bambanta. Wahalar tana tsakiya: kuskuren da ka kwana kana nema ashe waƙafi ɗaya ne, tsara rumbun bayanai yadda ba zai rikice ba in ya cika, aiki da Git tare da wasu, karanta abin da wani ya rubuta ba tare da bayani ba, da mai amfani da manhajar da zai zuba lambar waya a gurbin suna. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya keɓanta da wani yare. Wanda ya sauya sheƙa daidai wannan gaɓar ya koma wurin daɗin ne, ya sake hango Dala, bai shiga birni ba. Yaron tela da bai iya yanka ba, ko ka sauya masa keke sau goma, wuyan rigar a karkace zai fito.

Za a ce ai yarukan nan mutuwa suke yi, wanda ya tsaya wuri ɗaya za a bar shi a tasha. Akwai ƙamshin gaskiya. Adobe ta rufe Flash a ƙarshen 2020, yarensa ActionScript ya bi shi. Apple ta fito da Swift a 2014 ta ture Objective-C gefe, Google kuma ta fifita Kotlin a kan Java wajen manhajojin Android a 2019. Amma a duba tsawon ran waɗanda ke riƙe da duniya. Dennis Ritchie ya samar da C a 1972, kuma har yau da shi aka rubuta mafi yawan ƙashin bayan Linux. Python na 1991 ne, JavaScript da PHP na 1995, kuma PHP ɗin da ake yi wa dariya shi ne a ƙarƙashin WordPress. A watan Afrilun 2020, da korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsohon tsarin kwamfutar jihar New Jersey ta Amurka yawa, gwamna Phil Murphy fitowa ya yi yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, yaren 1959. Ko ƙaura daga Python 2 zuwa Python 3 sai da ta ci daga 2008 zuwa 2020. Sauyi a wannan sana'a tafiyar hawainiya yake yi, kuma wanda ya ƙware a Java bai sha wuyar Kotlin ba, don an gina Kotlin ne ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Java.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce sabon yare na buɗe sabon tunani. Na yarda, sai dai kowane yare amsa ce ga wata tambaya. Injiniyoyin Google sun ƙirƙiro Go ne bayan sun gaji da jiran manyan manhajojin C++ su haɗu. Rust kuwa ya zo ne don toshe kurakuran sarrafa ma'adanar kwamfuta, waɗanda Microsoft ta ce a 2019 su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da take toshewa kowace shekara, shi ya sa ma aka buɗe wa Rust ƙofa a Linux a 2022. Wanda irin wannan kuskure bai taɓa rusa masa aiki ba, in Rust ya ƙi karɓar rubutunsa, mugunta kawai zai gani. Lokacin ƙarin yare yana zuwa da kansa, kuma aikin ne ke kiransa: manhajarka na bukatar fuska a burauza, dole ka taɓa JavaScript, bayanai sun taru, SQL ya zama wajibi.

Sai masu cewa ChatGPT da 'yan uwansa na rubutu da kowane yare, don haka ɗanɗano kaɗan-kaɗan ya isa. Ni akasin haka nake gani. Tunda na'ura na iya juya rubutun Python zuwa Go cikin daƙiƙu, yawan yarukan da ka haddace ya zama kayan araha. Abin da ya yi tsada shi ne idon da zai duba abin da ta rubuto ya ce nan akwai ɓaraka, kuma wannan idon a zurfin yare ɗaya ake samunsa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, yana cajin kwamfuta a shagon mai janareto, kowane sabon farawa asara ce mai lissafi. Da zai zuba wannan datar a ƙaramar manhajar da ke riƙe wa wata Islamiyya lissafin kuɗin wata, ya bi ta zango guda yana gyara duk inda malamai suka yi ƙorafi, da ya samu abin nunawa ranar da mai ɗaukar aiki ya ce masa, to, buɗe mu gani.