Ina Hunturu Ya Shiga a Labaranmu?

A 'yan makonnin nan da ɗari ya sauka, mun bi labarai da dama daga cikin waɗanda ake turowa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, muna neman abu ɗaya: safiyar hunturu irin wadda muke tashi cikinta a Maigatari. Da ƙyar muka ci karo da ita. Akwai sanyi a labaran, amma na esi ne a wani falo a Maitama, ko dusar ƙanƙara a Landan inda jarumi ya tafi karatu. In ma an ambaci hunturu, layi ɗaya ne: gari ya yi hazo, saurayi ya cire rigar sanyinsa ya yafa wa budurwa. Shi ke nan, an sallami yanayi.

Muna ganin asara ce babba, domin sanyi yana tona abin da marubuci kan ɓata shafi goma yana bayani.

Mu ɗauki Alhamis ɗaya cikin Janairu, ranar kasuwar Maigatari. Tun kafin kiran assalatu wata ta riga kowa tashi, ta fita tsakar gida ta hura wuta da karan gero, ta ɗora ruwan alwala. Wace ce ita? Uwargida, amarya, ko 'yar riƙo? Wa ake fara kai wa ruwan ɗumi, wa zai yi da na randa? Marubucin da ya amsa tambayoyin nan ya gama nuna mana yadda iko yake a gidan, ba sai kishiyoyi sun ba hammata iska ba. A ƙasarmu itace kuɗi ne, saboda haka kowace tukunyar ruwan zafi shawara ce aka yanke. Yara huɗu suna jan bargo ɗaya. Ƙaramin ya kwana yana tari, uwar tana lissafi: a kai shi asibiti yanzu, ko a jira maigida ya dawo daga kasuwa da abin da ya samu? Almajiri ya yi sallama da kwano, ƙafa duk faso, ga ɗumamen bai kai ya ishi 'yan gida ba. Rana ba ta fito ba tukuna, amma an riga an yi rowa, an yi kara, an yi haƙuri.

Da hantsi sai kasuwa. Shanu da raƙuma da tumaki sun shigo daga Nijar, dillali ya naɗe baki da rawani saboda ƙura, yana kai-kawo tsakanin mai dabba da mai saye don la'adarsa. 'Yan lodi suna kora shanu cikin tirelar da za ta yi Legas. Ga buhunan riɗi da zoborodo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ga ɗan canji da naira da sefa, ga mai POS yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Wani manomi ya tsaya kan buhunansa: ya sayar yau saboda bikin 'yarsa ya matso, ko ya riƙe ko farashi zai ɗaga? Ɗansa kuwa hankalinsa na tasha, yana so ya tafi ci-rani, bai san ta inda zai fara gaya wa uban ba. Wannan ya fi hatsarin mota da mantuwar ƙwaƙwalwa da muke ta maimaitawa ɗaukar hankali, kuma ba a ƙago shi daga fim ba.

Irin wannan rana ita ce ke ɗauke da tarihinmu. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka buɗe ta Maigatari cikin huɗun farko a Disambar 2020. A farkon 2023, tsakiyar hunturu, takardun naira suka yi wuya, mai saniya ya ƙi taransifa, mai kuɗi a banki ya rasa na koko. A Agustan shekarar aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai. Jaridu sun kawo rahoton duk wannan. Amma yadda matar dillali ta rage awo ba tare da ta bari yara sun gane ba, ƙagaggen labari ne kaɗai zai iya adana shi. In ba mu rubuta ba, jikokinmu za su buɗe littattafanmu su ɗauka duk a Abuja muka rayu.

Ba sabon abu muke nema ba. Ƙarfin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, yana cikin kuɗin cefane ne: yadda Rabi ta koma sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta bayan miji ya kore ta. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina tun 1982 ya nuna cewa fasa-ƙwauri da mutanensa sun isa littafi guda. Hanyar tana nan, mu ne muka bari ciyawa ta rufe ta.

Za a ce wanda ya wuni cikin ƙura ba ya son ya buɗe waya da dare ya sake tarar da ƙura, kuma marubuciyar da ke sayar da littafinta dole ta bi abin da masu biya suke so. Gaskiya ne, ba ma raina wannan. Hikaya ma tsohuwa ce a wurinmu, Ruwan Bagaja tun 1934 yake yawo da mu ƙasashen da babu su. Sai dai ko Abubakar Imam bai bar mu a sama ba, abin al'ajabinsa yana tafiya ne tsakanin kasuwa da fada da gidan alƙali, cikin mutanen da muka san halinsu. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san ba ranar ƙaddamarwa ake gane aiki ba, sai ranar da talaka ya buɗe ta a tsohuwar waya, sabis na yankewa. Jarumin labari ma haka yake. Kowa zai iya kuka a filin jirgi. A nuna mana shi da asuba, ruwa ya yi ƙanƙara a buta, matarsa ba ta da lafiya, mu ga ko zai hura wutar da kansa.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai gwada. Jera sunayen kaya, kasko da man kaɗanya da kunun tsamiya, ba zai zama labari ba sai wani yana son wani abu kuma sanyin ya tsaya masa a hanya. Kada kuma a mai da mutanenmu abin tausayi. Akwai dariya a bakin teburin mai shayi, akwai gardamar ƙwallo da siyasa a wurin jin ɗumi, akwai soyayya a cikin ruwan zafin da aka ajiye wa wanda bai roƙa ba.

Marubutanmu na Gumel da Maigatari da kewaye, hazon nan zai ɗauke nan da 'yan makonni, zafi ya shigo mu manta. Kafin nan, wani ya zaɓi gida ɗaya da Alhamis ɗaya, daga assalatu zuwa lisha, ya rubuto mana. Muna jira.