Kasuwa Ba Hukuma: Nazari a Kan Ra'ayin David Friedman a Ma'aunin Fiƙihu da Tarihin Fatauci

A shekarar 1973 masanin tattalin arziki ɗan Amurka David Friedman ya wallafa littafinsa The Machinery of Freedom, inda ya yi ƙoƙarin nuna cewa al'umma za ta iya rayuwa ba tare da gwamnati ba. A tsarin da ya zana, kowa zai sayi tsaro daga kamfanin da ya ga dama, kamfanonin su yi yarjejeniya a kan kotunan 'yan kasuwa da za su raba musu gardama, doka kuma ta zama haja, wadda jama'a suka fi so ta yi kasuwa, wadda suka ƙi ta yi kwantai. A shekarar ce kuma Murray Rothbard ya fitar da For a New Liberty a kan manufa ɗaya. Bambancinsu shi ne Rothbard ya kafa hujjarsa a kan haƙƙin mallaka, Friedman kuwa a kan lissafin amfani da hasara. Saboda haka littafin Friedman ya fi sauƙin gwadawa da abin da ya faru a zahiri.

Batun ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Littattafan aƙida sun ruwaito cewa Najdat daga cikin Khawarijawa, da Abubakar al-Asamm daga cikin Mu'utazilawa, sun tafi a kan cewa naɗa shugaba ba wajibi ba ne matuƙar mutane suna yi wa juna adalci. Jumhur sun saɓa musu, kuma al-Mawardi, wanda ya rasu a shekarar 450 bayan Hijira, ya buɗe al-Ahkam al-Sulɗaniyya da tabbatar da wajabcin imamanci. Sabon abin da Friedman ya kawo shi ne bai sharɗanta nagartar mutane ba. A ganinsa son riba kaɗai ya isa ya tilasta wa mugu cika alkawari, domin wanda ya ci amana sau ɗaya zai rasa abokan ciniki.

Adalci ya wajabta a fara da inda littafin ya yi gaskiya. Wanda ya san kasuwar Shuwarin da ke kusa da Dutse, ko kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, ya san cewa mafi yawan cinikin da ake ƙullawa a can ba takarda, ba lauya. Manomin da ya ɗauko riɗi ko gero daga ƙauyukan Buji yakan miƙa wa dillali, a yi ciniki, a cire la'ada, wani lokaci a biya sai kasuwa ta zagayo. Abin da ke riƙe da wannan mu'amala shi ne mutunci da sanayya. Haka nan jama'ar yankin sun ɗanɗana yadda hukuma kan gurgunta kasuwa: rufe kan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sakamakon sauya fasalin naira, lokacin da mai akuya ya karyar da ita don ya sami tsabar kuɗi a hannu. Sunna ma ta ba kasuwa 'yanci mai faɗi. A hadisin Anas da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, an nemi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, bai yi ba, don gudun zaluntar wani a dukiyarsa.

Misalin da ya fi kusa da mafarkin Friedman a tarihin Hausawa shi ne fatauci. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a ƙasashen da ba sarkin Kano ko na Katsina ke iko da su ba. A Sabon Ibadan, wanda aka kafa a 1916, Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda fataken shanu ke sayar wa mahauta Yarabawa bashi ta hannun masu gida da dillalai, maigida ya tsaya lamuni, mahaucin da ya ƙi biya kuma a daina ba shi dabba. Ba kotu aka dogara da ita ba.

Sai dai idan aka duba misalan da kyau, hujja ce a kan Friedman. Ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda ke yanke hukunci a kan hanya, ya sasanta kuɗin fito da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu. Wannan ya dace da hadisin da ya umarci matafiya uku su shugabantar da ɗayansu. Sabo kuma tana da Sarkin Sabo, da masallacin Juma'a, da ɗariƙar Tijjaniyya da ta haɗa kan mazaunanta a shekarun 1950. Fatake ba su sayi dokarsu a kasuwa ba. Sun taso sun tarar da ita, sun koye ta a makarantar allo da zauren malamai, suna kuma tsoron ranar hisabi. Hatta kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, Hugh Clapperton ya tarar da ita a 1824 tana da shugaban da ke ba da hayar rumfuna, yana kuma sa ido a kan farashi.

Raunin littafin na farko ke nan: ya ɗauki amana a matsayin abin da riba ke haifarwa, alhali riba ce ke tsiro a kan amanar da addini da tarbiyya suka shuka. Tsoron rasa abokan ciniki yana aiki ne tsakanin mutanen da za su sake haɗuwa. Ba ya hana mai algus cutar baƙon da ba zai dawo ba, ba ya kuma hana mai tauye mudu cutar tsohuwar da ba ta da wanda zai tsaya mata. Shi ya sa Sunnar da ta ƙi ƙayyade farashi ita ce kuma ta hana algus, da ɓoye abinci don ya yi tsada, da tare ayari kafin ya iso kasuwa. Daga nan hisba ta samo tushe, Yahaya bin Umar al-Maliki ya rubuta Ahkam al-Suƙ a ƙarni na 3 bayan Hijira, Ibn Taimiyya kuma ya raba ƙayyade farashi gida biyu, na zalunci da na adalci.

Rauni na biyu ya shafi doka ita kanta. Idan hukunci haja ne, mai kuɗi ya fi kowa ƙarfin saye, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maraya da bazawara ba su da abin biyan kamfanin tsaro. A Shari'a akwai haƙƙoƙin da ba a ciniki a kansu: kason 'ya mace a gado, da haramcin riba ko da ɓangarori biyu sun yarda, da zakka wadda Suratut Tauba ta ambaci ma'aikatanta cikin masu rabo, Sayyidina Abubakar (RA) kuma ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Fiƙihu ya yarda da tahkimi, wato mutum biyu su zaɓi wanda zai yi musu hukunci, amma malaman Malikiyya sun keɓe haddi da ƙisasi da li'ani ga alƙalin da shugaba ya naɗa. Hikimar a fili take: jini idan aka bar wa mai ƙarfi, ramuwar gayya ce ke biyo baya.

Rauni na uku shi ne makami. Friedman da kansa ya yarda cewa kare ƙasa daga mahara ita ce matsala mafi wuya a tsarinsa, Robert Nozick kuma ya nuna a 1974 cewa kamfanin tsaron da ya fi ƙarfi zai rikiɗe ya zama hukuma. Ibn Khaldun ya riga su da ƙarnoni, inda ya bayyana a Muƙaddima cewa mutane suna buƙatar mai hanawa, wanda zai kange sashensu daga cutar da sashe. Arewa ba ta buƙatar hasashe a nan. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da hukuma ta janye jiki, 'yan bindiga ne suka ɗora wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu, kasuwanni suka mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Somaliya, wadda magoya bayan wannan ra'ayi ke yawan kafa hujja da ita tun faɗuwar Siad Barre a 1991, 'yan kasuwar Mogadishu ne suka tallafa wa kotunan Musulunci da suka kama birnin a 2006. Ita kasuwar ce ta nemi alƙali.

Duk da haka, kuskure ne ɗalibin ilimi ya fahimci wajabcin shugabanci a matsayin halasta duk abin da hukuma ta ɗora wa talaka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitab al-Farƙ ya lissafa jangali da karɓe-karɓen kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa, Abdullahi bin Fodiyo kuma ya rubuta wa mutanen Kano Diya'ul Hukkam don ya iyakance wa masu mulki abin da Shari'a ta ba su. Da wannan ma'aunin za a auna rasit ɗin da ake yanka wa mai buhu ɗaya a bakin kasuwa, da shingayen da ke kan hanyar Gantsa zuwa Dutse ko wata hanya: me aka karɓa, da wace hujja, me kuma aka yi wa mai biya da shi?

Amfanin littafin Friedman ga mai nazarin fiƙihun siyasa shi ne ya tilasta masa bambance ayyukan da jama'a ke iya yi wa kansu, kamar ciniki da lamuni da adashi da sulhu da waƙafi, da waɗanda ba sa tsayuwa sai da shugaba, kamar tsaron rayuka da ƙwato haƙƙin mai rauni. Aya ta 25 a Suratul Hadid ta haɗa Littafi da ma'auni da ƙarfe a wuri guda. Friedman ya riƙi ma'auni, ya bar ƙarfe ga wanda ya fi iya saye, Littafi kuwa bai ba shi gurbi ba. Tsari irin wannan ƙarshensa zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami. Allah ne mafi sani.