Jinjina ga masu haɗa sola masu kunnen sauraro

Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kasuwar masu haɗa sola ta buɗe. Cikinsu, waɗanda suka fi burge ni su ne masu zama su saurara kafin su hau rufi.

Irin wannan ma'aikaci ba ya farawa da farashi. Sai ya nemi izini ya zagaya gida, ya ƙirga ƙwayayen wuta, ya tambayi uwargida yaushe take guga, ko firji yana kwana a kunne. Ita ta san abin da ke cin wuta, kuma sau da yawa ba a tambayarta. Sannan ya fuskanci maigida cikin ladabi: "Alhaji, dutsen guga kaɗai yana jan kusan wat 1,000. A riƙa guga da rana, batir zai daɗe." Ya kunna masa ƙwan LED mai wat 9, ya ga haskensa ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60.

Wannan gaskiya takan rage masa ciniki, domin wataƙila farantan sola huɗu su wadatar inda mai saye ya zo da niyyar takwas. Duk da haka yana faɗa. Idan hazo ya sauko kuma, shi zai buga waya ya tuna wa masu gidan a goge ƙurar farantan.