Gora Ba Ya Rage Namiji: Sharhi a Kan Waƙoƙin Maza

'Yan uwa ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta tashi a motar da na shiga daga Birnin Kabi zuwa Argungu. Direba na gudu kamar zai tashi sama, yana sauraron Ɗan Anace yana wasa Shago. Wani dattijo ya ce masa, "Yaro, sassauta mana." Sai ya yi dariya, ya ce ai namiji ba ya tsoron mutuwa. Tun ran nan nake tambayar kaina: shin haka waƙoƙin mazan namu suke koyarwa, ko kuwa mu ne muka saurare su da kunne ɗaya?

Ba na musun gwanintar makaɗan maza. Aikinsu zuga ne, su tsima ɗan dambe ko ɗan tauri ko mafarauci har ya manta da ciwo. To, amma a ganina suna da naƙasu guda, wato sun fi son nuna mana jarumi a tsakar fage, ba safai suke nuna mana dararen da ya kwana yana shiri ba. Saboda haka yaro mai sauraro yakan ɗauka cewa jarumta ita ce faɗawa haɗari ido rufe.

Alhali kuwa al'adar da ta haifi waƙoƙin ba haka take ba. Mu dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwatawa. Dubban masunta kan ruga cikin Matan Fada a lokaci ɗaya, kowa na neman giwan ruwa. Amma ba mai taɓa ruwan sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini. Masunci kuma, ban da homarsa, yana rungume da ƙaton gora, wanda yake ɗaukarsa a bisa ruwa idan ƙafa ta daina taɓa ƙasa. Wa ya taɓa ce wa Bakabe rago don ya shiga ruwa da gora? Haka ɗan dambe: hannu ɗaya na duka ne, ɗayan garkuwa. Shi kansa ɗan tauri bai yarda wuƙa ta hau jikinsa ba sai da ya sha abin da ya yi imani zai kare shi. Ashe kakanninmu sun san rigakafi ya fi magani tun kafin a kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988.

Sai dai kuma kada mu ɗora wa makaɗa laifi duka. Dokokin kariya na zamani sun zo mana da bulala da tara, ba su zo da kirari ba. Shi ya sa da aka tilasta wa 'yan acaɓa sa hular kwano a farkon 2009, wasunsu suka kifa ƙwarya a ka suna izgili. Ba wanda ya zauna ya ce musu wannan hula ita ce goransu. Kuma ni ma ba na goyon bayan a tsame haɗari daga kowane wasa, domin damben da ba kāye a cikinsa rawa ce kawai.

Inda gizo ke saƙar shi ne: ran wa aka sa a caca? Ɗan dambe da masunci ransu suka kai fage, da saninsu, bayan horo. Amma a watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodin fiye da mutum 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka tsira. Akwai mata da yara a ciki. Wanda ya cika jirgi fiye da ƙima, da direban da ke tsere da rayukan fasinja, ba jarumta suka yi ba, ganganci ne da ran wani.

Daga ƙarshe, kirana ga mawaƙa da marubutan wannan ƙungiya tamu shi ne mu cike giɓin da makaɗa suka bari. Mu wasa matuƙin da ya ce jirginsa ya cika, ko da za a zage shi a bakin ruwa, mu yi wa mai rigar ruwa kirari kamar yadda ake yi wa mai gora. Hausawa sun ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ni dai a motar nan, yajin da na ji na dattijon nan ne, wanda ya buɗe baki sa'ad da mu samari muka yi tsit don kada a ce mun ji tsoro.