Kalangun da Ke Jan Ragamar Daren Yamai

Zargi biyu ake yi wa ƙungiyoyin kiɗan zamani na birnin Yamai, kuma masu yin su ba sa ga maciji da juna. Masu kishin gargajiya na cewa kiɗan aro ne, an kwaso shi daga Kwango da Mali an zuba a mashaya, ba shi da uwa ba shi da uba a ƙasar Nijar. Masu sayar da faifai a Turai da Amurka kuwa sun riga sun yanke hukunci cewa kiɗan Nijar shi ne jitar Buzaye ta Agadas, ta su Bombino da Mdou Moctar, sauran duk cikon benci ne. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensa ɗaya: sun kafa wa jita ido, sun manta da mutumin da ke tsaye gefe da kalangu a hammata.

Tarihin ba shi da tsawo. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta fi karkata ga samariya da wasannin gargajiya, masu jita suna lallaɓawa a gidajen rawa da wuraren biki. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, mai ɗauke da sunan shahararren mawaƙin Tawa, ta ba kiɗan zamani fili a idon jama'a. Bayanta aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, ga kuma dandalin Oumarou Ganda inda ake manyan wasanni. Cikin wannan yanayi Yacouba Moumouni, mai sarewa, ya kafa Mamar Kassey a 1995. Sai a 2000 Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, mai kaɗa jita kuma ma'aikacin shari'a, ya kafa Tal National, ƙungiyar da ta tara Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, ta yi suna da wasan awa biyar a dare, kwana biyar a mako, har takan rabu gida biyu ta yi wasa wuri biyu lokaci guda.

Wannan awa biyar ita ce mabuɗin zancen. Ba a riƙe taro tsawon haka da waƙoƙin da aka haddace kawai, dole a samu mai karanta fili, kuma aikin mai kalangu ke nan. Kowa ya san yadda kalangu yake: a matse igiyoyinsa da hannu murya ta hau, a sassauta ta sauka, shi ya sa yake iya bin hawa da saukar harshen Hausa har ya kira suna ya yi kirari ba tare da an buɗe baki ba. To a saurari faifan Tal National, Kaani na 2013 ko Tantabara na 2018, da wannan kunne. Jita biyu suna saƙa gajerun jimloli masu maimaituwa, ɗaya na shiga ramin da ɗaya ta bari, kamar mata biyu a kan turmi ɗaya. Mai gangunan zamani yana riƙe da gudu, bugu uku na hawa kan biyu, abin da ke sa ƙafa ta rasa wanda za ta bi sai ta bi duka. Duk waɗannan suna zagaye ne wuri guda. Kalangu kaɗai ke da 'yancin fita daga da'irar: ya tsoma baki tsakanin baiti da amshi, ya zuga mai waƙa, ya yi wa jita tambaya ta amsa, sa'an nan ya ninka bugu, ƙungiya duka ta juya zuwa wani taki kamar an ja linzami. Wannan juyi na ba-zata, wanda baƙon kunne ke ɗauka gwanintar tsara waƙa ce, a wurin rawa yake da ma'ana. Da shi ake tayar da waɗanda suka zauna, da shi ake karrama wanda ya shigo fili zai yi liƙi, da shi ake sauya kiɗa daga na wannan ƙabila zuwa na waccan ba tare da an tsaya ba.

Mai cewa aro ne sai ya faɗa mana daga ina aka aro wannan. Jita dai baƙuwa ce, babu musu, kuma tasirin Kwango a kan salon kaɗa ta ya game Afirka. Amma tsarin da ta shigo ta tarar, na jagora da 'yan amshi da makaɗi mai zuga, shi ne na dandalin 'yan mata da kiɗan mahauta, shi ne wanda Mamman Shata ya rayu a cikinsa da kalangansa. Baƙuwa ta zo gidan ta bi dokar gidan. Batun mashaya kuma raunin hujja ne, domin wuri ba ya canza asalin kiɗa, kuma waɗannan makaɗa su ne dai ake gayyata bukukuwan aure da rana tsaka.

Abin da ya fi cancanta a yi fargaba a kansa shi ne kiɗan kwamfuta, wanda ya mamaye bukukuwa daga Yamai har Kano saboda araha: mutum ɗaya da na'ura ya maye gurbin mutum goma. Ana iya ɗaukar muryar kalangu a saka cikin na'ura, ana ma yi, sai dai wanda aka ɗauka jiya bai san wadda ta shigo fili yau ba, ba zai kira sunan mahaifinta ba, ba zai ga gajiya a ƙafafun masu rawa ya sassauta ba. Gidajen da ke biyan ƙungiya ta yi wasa kowane mako su ne makarantar da ake koyon wannan karatun fili, kuma yaron da zai gaji mai kalangun Tal National sai ya yi shekaru yana tsaye bayansa a irin waɗannan darare kafin a miƙa masa.