Wa Ya Rubuta Maganganun Daso?

Ranar Talata 9 ga Afrilu, 2024, jajibirin ƙaramar Sallah, Allah ya yi wa Saratu Giɗaɗo rasuwa a Kano tana da shekara 56. Ta yi sahur, ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Nan da nan hotunanta suka cika wayoyi tun daga Kano har nan Wurno da Rabah da Goronyo, kowa yana cewa Allah ya jiƙan Daso. Abu biyu aka yi ta maimaitawa a ta'aziyyar: ta iya fitowa a muguwar mace, kuma a zahiri mace ce mai fara'a da son mutane. Duka biyun ba ƙarya. Sai dai an bar wata tambaya da ta fi dacewa da mujallar adabi irin wannan: maganganun nan nata da muka haddace, waɗanda ake jifan juna da su a gidan biki da bakin rijiya, wa ya rubuta su?

Amsar da nake da hujja a kanta ita ce, mafi yawansu ita ce ta tsara su, a tsaye, gaban kyamara.

Daso ta shiga fim a shekarar 2000 da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, daga baya ta fito a irin su Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani. Duk wanda ya san yadda ake ɗaukar fim ɗin Hausa a waɗancan shekarun ya san ba kasafai ake miƙa wa ɗan wasa cikakken rubutun abin da zai faɗa ba. Darakta zai tara mutane ya ce, a wannan fitowar kin zo gidan ɗanki kin tarar matarsa ba ta ɗora tukunya ba, ki ci mata mutunci, ke kuma ki yi kuka. Shi ke nan. Sauran aikin ya rage ga bakin 'yar wasa. Wadda ba ta da hikima za ta yi ta ihu tana nanata zagi ɗaya har a ce a yanke. Wadda take da ita za ta gina maganar hawa-hawa, ta san inda za ta fara, inda za ta yi shiru, da kalmar da za ta ajiye sai ƙarshe. Wannan aikin marubuci ne, ko da babu biro a hannu.

Ku sake kallon kowace fitowa tata ta faɗa, ku rage sauti kaɗan ku saurari tsarin maganar. Ba ta cika farawa da zagi ba. Da gaisuwa take farawa, ko da yabo mai dafi, irin gatsen da wadda ake yi wa ba ta san ko ta amsa ko ta sunkuyar da kai ba. Sai ta yi tambayar da ta riga ta san amsarta. Sai ta dakata. Wannan ɗan shirun, da ido a kafe da haɓa a riƙe, shi ne inda dariyar take taruwa. Idan ta saki habaicin, takan sake shi ne tana kallon wani wuri dabam, kamar da bango take yi, wanda shi ne ainihin ƙa'idar habaici: a yi da kai, a hana ka damar cewa da kai ake. Sannan salati, sannan tafa hannu, sannan gyara ɗaurin zane kamar mai shirin dambe. Ba ita ta ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kayan tsakar gida ne, kowa ya gan su wurin gwaggonsa ko kishiyar uwarsa. Gwanintarta ita ce zaɓe da jerantawa, da sanin daidai lokacin da za ta tsaya kafin abin ya zama hauka.

Akwai kuma wani abu da ya raba ta da masu kwaikwayonta. Muguwar da Daso take fitowa tana da dalili, ko da fim ɗin bai damu ya faɗa ba. Uwar mijin nan da take takura wa amarya, idan ka dubi fuskarta da kyau, tsoro ne a ƙarƙashin masifar. Ɗan da ta raina shi ne ɗan abin da ta mallaka, shi ne cefanenta da kuɗin maganinta, ga wata yarinya ta zo jiya tana neman raba su. Tsohuwar da ke Gandi ko Achida, wadda ɗanta ya tafi cin rani Legas kuma abin da zai aiko yanzu sai an raba biyu, ta san wannan tsoron sarai. Shi ya sa mata suke dariyar Daso da wata irin murya da maza ba sa yi. Maza suna ganin fitinanniya, mata suna ganin wata da suka sani, wani lokacin ma su kansu.

A nan ne nake da ƙorafi da masana'antar da ta yi shekara 24 tana mora daga bakinta. An gano ta iya abu ɗaya, sai aka kulle ta a ciki: uwar miji, kishiya, mai zuwa wurin boka, mai zuga ɗiyarta ta kashe aure. Kuma kusan kullum ƙarshen labarin ɗaya ne. Asirinta zai tonu, ko ta haukace, ko ta durƙusa tana kuka tana neman gafara, wani dattijo ya yi wa'azi, a rubuta alhamdulillahi. Wato fim ɗin yana cin kasuwa da bakinta na tsawon awa ɗaya da rabi, sannan a minti biyar na ƙarshe ya wanke hannunsa ya ce ba da shi aka yi ba. Waɗannan fitowar tuban su ne mafi rauni a aikinta, kuma ba laifinta ba ne, domin a nan ne kaɗai ake ƙwace mata alƙalami a ba ta abin da za ta faɗa.

Abin sha'awa, masu kallo sun riga sun yanke hukunci a kan wannan ba tare da wani ya rubuta sharhi ba. Je ka shagon masu tura finafinai a kasuwar Goronyo, ko ka duba abin da ke yawo a TikTok da WhatsApp. Guntayen bidiyonta da ake turawa na minti biyu ne ko uku, kuma na faɗa ne da gatse. Ban taɓa cin karo da wanda ya yanko wurin da take neman gafara ba. Waya ta yi wa finafinan nan tacewar da daraktoci suka kasa yi: ta zubar da wa'azin da aka liƙa, ta riƙe abin da ke da rai. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo, waya ta koma ba ta kira ba ta karɓa, abin da ke cikin memori kawai ya rage. Ga wanda ya kwana yana sauraren ƙarar babura, abin dariyar da ke ajiye a wayarsa ba ƙaramin abu ba ne.

Domin a ga girman abin da muka yi asara, yana da kyau a dubi wata takwararta a Ingila. Victoria Wood, wadda aka haifa a 1953 ta rasu a 2016, ita ma da maganar mata ta yau da kullum ta yi suna: hirar kanti, gulmar maƙwabta, ƙorafin aure, ciwon ƙafa. Ta fara fice ne da ta fito a gasar talabijin ta New Faces a 1974. Shirinta na BBC mai suna Dinnerladies, wanda aka nuna daga 1998 zuwa 2000, gaba ɗayansa a ɗakin girkin wata masana'anta yake, tsakanin matan da ke dafa wa ma'aikata abinci. Kashi 16 ne, kuma ita kaɗai ta rubuta su duka, ta kuma fito a ciki. An san ta da nacewa a kan kada ɗan wasa ya canza mata ko kalma ɗaya, don ta auna kowace jimla kamar mai auna waƙa. Da ta ga dama ta ajiye barkwanci, ta rubuta Housewife, 49 a 2006, labarin wata matar aure a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta fito a ciki, ta ci lambar BAFTA ta gwarzuwar 'yar wasa.

Ban kawo ta don a ce ta fi Daso baiwa ba. Kunne iri ɗaya gare su, kunnen da ke jin abin dariya a cikin maganar da kowa ke ji ya wuce. Inda suka rabu shi ne takarda. Wood ta mallaki kalmominta, don haka ita ke zaɓar rawar da za ta taka, ita ke yanke yadda labari zai ƙare, an buga wasanninta a littattafai da sunanta, kuma babu mai tilasta wa matan da ta ƙirƙira su tuba a fitowar ƙarshe. Daso ta zuba nata kalmomin a cikin labarin wasu, suka tafi da sunan wasu.

Kuma wannan ba maganar suna kaɗai ba ce, maganar tuwo ce. A farkon 2022 Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, dattijuwar da ta fara ba mutane dariya tun zamanin wasannin talabijin, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa abin da ake sallamar ta da shi a fim yakan kama daga naira 2,000 zuwa 5,000. Wasu furodusoshi sun fito sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka, aka yi ta cacar baki na makonni. Duk wanda ke da gaskiya a lissafin, an kauce wa gundarin batun. Ana biyan irin su Tambaya kuɗin fitowa ne, kuɗin yini, alhali abin da suke kawowa wurin ɗaukar fim har da rubutun da babu wanda ya yi. Haka abin yake a finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Rabin daɗin faɗan Ibro da matarsa daga bakin Kulu ko Dumbaɗus yake fitowa, domin barkwancin mutum biyu jifa ne da cafewa, amma sunan Ibro ne a kan kwali.

Wani zai ce ai muna da marubuta mata birjik. Haka ne. Tun daga Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980, zuwa Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, zuwa Fauziyya D. Sulaiman da ta yi rubutu a Daɗin Kowa na Arewa24, zuwa gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016, mata ne suka riƙe ƙagaggen labarin Hausa. Amma ku duba abin da aka fi yabawa da ba wa kyauta: saki, fyaɗe, gudun hijira, maraici. Duk sun cancanci a rubuta su, mu da ke gabashin Sakkwato ba ma buƙatar a tuna mana. Sai dai an bar barkwanci kamar ba adabi ba ne, kamar macen da ta rubuta abin dariya ta zubar da ajinta. Ga mata masu rubutu a gefe guda, ga mata masu ban dariya a ɗaya gefen, an rasa wadda za ta haɗa biyun a hannu ɗaya. Wadda ta fi kusa da haka a tarihinmu ba a fim take ba, Barmani Choge ce ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ita ce ke tsara zambonta, ita ke rera shi a kan ƙwarya, kuma har gobe da sunanta ake kiransa. A littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ana samun 'yar ƙauye mai tsiwa da ke sa mai karatu dariya, amma da zarar attajirin ya aure ta sai bakin ya mutu, labarin ya koma na hawaye da kishi.

Mu a nan muna da ƙarin namu ciwon. Finafinan Kano idan suka tuna da Sakkwatanci, karin harshen kansa ne abin dariyar. A sa mutum ya ce "wanga" da "mi kac ce" da "tahiya", a jira 'yan kallo su fashe. Ba a taɓa tsayawa an ji cewa masu wannan karin suna da nasu gatsen, wanda ya fi na Kano sanyi a baki ya kuma fi shi zafi a ciki. Kuma garin Wurno ba baƙo ba ne ga maganar mace da aka rubuta aka sa mata suna. Nana Asma'u ta zauna a nan, ta rasu tun 1864, amma waƙoƙinta sun iso mu ne saboda an rubuta su, jajis sun ɗauka sun kai ƙauyuka. Nata fagen wa'azi ne da ilimi, ba barkwanci ba, amma hanyar da kalma ke bi ta rayu ɗaya ce.

Shirin da nake jiran in gani bai buƙatar mota ko gidan bene. Rumfa ɗaya ce a Wurno lokacin kakar albasa da tafarnuwa, mata shida suna tsinta suna ɗurawa a buhu, ana biyansu da yamma. Akwai tsohuwar da ta yi aure huɗu tana ba kowa shawarar zaman aure. Akwai amaryar da ke ɓoye waya a cikin zane. Akwai wadda aka koro daga ƙauyensu, ba ta son a tambaye ta, amma ita ce ta fi kowa iya kwaikwayon muryar dillali. Mai rumfar yakan leƙo sau biyu a yini, kuma duk lokacin da ya leƙo sai a yi tsit, a bar shi da tunanin ko da shi ake.